Rabuwar Fallaye a Kwamfozit: A Gyara Ƙaro, ko a Kafa Ƙusa, ko a Ɗinke?

Kwamfozit na zaren kabon ko na gilashi falle-falle ake jera shi, sannan ƙaro irin efoksi ya haɗe su wuri guda. A kayan jiragen sama kaurin falle ɗaya yakan kama daga milimita 0.125 zuwa 0.25. A kwance, zare ne ke ɗaukar lodi, kuma yana ɗauka ƙwarai. Daga wannan falle zuwa wancan kuwa babu zare ko ɗaya da ya ƙetara, siririn ƙaro ne kaɗai ke riƙe da su. Idan sifana ta suɓuce ta faɗo kan fiffike, a waje ɗan lotsawa kawai za a gani, wani lokacin ma ba a ganin komai, alhali a ciki fallaye sun rabu a hawa da yawa. Ranar da aka danna wannan faranti, kowane rukuni na fallayen zai lanƙwashe shi kaɗai, kamar littafin da ɗaurinsa ya saki, kuma ƙarfin ɗaukar matsi na iya faɗuwa da rabi ko fiye.

Hanyoyin magance wannan sun kasu gida biyu. Wasu suna hana tsaga ta fara: ƙaro mai danƙo, shimfiɗar tsakani, da filastik mai narkewa. Wasu kuma suna barin ta ta fara, sai su tare ta a gaba: ƙusoshin Z da ɗinki. Saƙar 3D kuwa tana yin duka biyun. Wanda bai fara tantance wanne yake buƙata daga cikin biyun ba, zai iya kashe kuɗi mai yawa a kan maganin wata cutar daban.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne juriyar tsagewa, wato yawan makamashin da ake buƙata kafin tsaga ta ƙara murabba'in mita ɗaya, ana rubuta shi da J/m². Iri biyu ne suka fi muhimmanci. GIc na buɗewa ne, inda ake ɗaga falle daga kan ɗan'uwansa. GIIc na zamiya ne, inda fallayen ke gocewa a kan juna. Ana auna GIc bisa ƙa'idar ASTM D5528 ko ISO 15024: a yanko sanda mai faɗin milimita 20 zuwa 25 da kaurin 3 zuwa 5, a riga an saka wata siririyar leda da ba ta wuce maikron 13 ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a tsakiyar fallaye tun kafin gashi, wato gasa farantin don ƙaron ya taurare, sai a ja ɓangarorin biyu da ledar ta raba a riƙa rubuta lodi da tsawon tsaga. GIIc ana auna shi da ASTM D7905, gaurayen biyun kuma da ASTM D6671.

A nan ne masu sayarwa kan yi wa mai saye wayo ba tare da sun yi ƙarya ba. Gwajin D5528 yana ba da lamba biyu, ta farawa da ta ci gaba. Yayin da tsaga ke tafiya a samfurin da duk zarensa ya miƙe gefe guda, wasu zaruruwa kan tsallaka daga sama zuwa ƙasa su riƙe bakin tsagar, sai lambar ta yi ta hawa. A ainihin faranti, inda fallen da zarensa ke kusurwa 0 ke kwance kan wanda zarensa ke kusurwa 45, ba lallai a sami wannan taimako yadda aka same shi a ɗakin gwaji ba. Saboda haka duk takardar da ta ba ka GIc guda ɗaya, tambayi wacce ce. Lambar farawa ita ce ta yin lissafi.

Ma'auni na biyu, wanda a ganina ya fi na farko faɗin gaskiya, shi ne ƙarfin matsi bayan bugu. Ana yanka faranti milimita 150 da 100, a sako masa nauyi mai makamashin jul 6.7 ga kowace milimita ta kauri bisa ASTM D7136, sannan a danna shi har ya karye bisa D7137. Wannan lamba ta fi bin GIIc fiye da GIc, domin bugu lanƙwasa faranti yake yi, lanƙwasawa kuma zamiya take haifarwa tsakanin fallaye.

Sauran ma'aunan su ne: me aka rasa na ƙarfi da tauri a kwance, yaya abin yake bayan ya sha danshi kuma ya yi zafi, yaya yake a ƙarƙashin lodi mai maimaituwa, ko ya dace da yadda kake ƙera kayanka, da kuma tsada. Tsadar ba ta tsaya ga kuɗin kilo ba. A aikin da hukuma ke sa ido, kamar na jirgin sama, sauya ƙaro na nufin sake gwaje-gwajen tabbatarwa tun daga tushe, kuma sau da yawa wannan ya fi kuɗin kayan nauyi.

Kafin a sayi komai

Rabuwa da yawa daga zane da aikin hannu take tasowa, kuma babu ƙaron da zai rufe wannan. Tun 1970 masu bincike Pipes da Pagano suka nuna cewa a gefen faranti da aka yanke, fallaye masu kusurwa daban-daban suna jan juna saboda kowanne na son tsukewa gwargwadon nasa. Maganin da aka saba: kada a tara fallaye masu kusurwa ɗaya fiye da huɗu a jere, a yi ƙoƙari kada bambancin kusurwa tsakanin maƙwabta ya wuce digiri 45 inda zai yiwu, a jera sama da ƙasa su yi daidai da juna. Inda ake rage kauri, a yanke fallaye ɗaya-ɗaya da gangaren 1 cikin 20 ta fuskar babban lodi, a kuma lulluɓe su da falle mai ɗorewa. Kumfar iska ita ma abokiyar gaba ce: ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne, kowane kashi 1 cikin ɗari na kumfa yana cin kusan kashi 7 na ƙarfin zamiya tsakanin fallaye. Wajen huda rami, dakusasshen baki yana tura fallayen ƙarshe su ɓamɓare. A sa katako ko faranti a baya, a rage turawa gab da fita. Idan ba a yi waɗannan ba, sauran maganar duk ɓata kuɗi ne.

Ƙaro mai danƙo

Efoksin da ake gasawa a zafin digiri 180 na Salsiyus yana da tauri da juriyar zafi, amma yana da gautsi. Tsofaffin nau'o'in kabon da efoksi na shekarun 1970 da 1980 GIc nasu tsakanin 80 da 200 J/m² yake. Idan aka gauraya masa roba mai ruwa irin CTBN, ko ƙwayoyin roba masu ɓawo, ko filastik irin PES da ke narkewa a ciki sannan ya ware lokacin gashi, yakan kai 200 zuwa 500.

Wannan ce hanya mafi sauƙi, domin mai aiki ba ya sauya komai a hannunsa: mazubi ɗaya, jeri ɗaya, gashi kusan ɗaya. Sai dai akwai iyaka. Ƙaro yana shanye makamashi ne ta hanyar talewa a kewayen bakin tsaga, kuma tsakanin fallaye biyu wurin talewar 'yan maikron ne kawai, zaruruwa sun tokare sama da ƙasa. Shi ya sa ƙaron da aka ninka juriyarsa sau goma a kwano ba ya ba da ninki goma a faranti. Kaso kaɗan ne ke tsallakowa.

Haɗarinsa yana wajen zafi da danshi. Roba mai ruwa tana rage taurin ƙaro da kuma zafin da yake fara laushi, ƙaro mai laushi kuma ba ya tallafar zare a ƙarƙashin matsi. Don haka a nemi lambar matsi ta samfurin da aka jiƙa aka kuma gwada da zafi. Masu ɗura ƙaro cikin busasshen yadi suna da ƙarin matsala: garin da aka zuba yana ƙara kauri, alhali ɗurawa na son ƙaro mai ruwa-ruwa. Manyan ƙwayoyi kuma zare kan tace su tun a bakin shiga, sai gefe ɗaya ya samu, ɗayan ya tashi a banza. Ƙwayoyin da girmansu bai wuce nanomita ɗari (kashi ɗaya cikin goma na maikron) ko makamancin haka ba su ne ke ratsawa.

Shimfiɗar tsakani

Tunda wurin talewa ne ya yi kaɗan, sai a faɗaɗa shi. Ana barbaɗa ƙwayoyin filastik a saman firifreg, wato zaren da aka riga aka jiƙa da ƙaro daga masana'anta, su tokare fallaye su bar tazarar kimanin maikron 20 zuwa 30 cike da ƙaro mai danƙo. Sanannen misali shi ne T800H/3900-2 na kamfanin Toray, wanda aka yi wutsiyar Boeing 777 da shi, jirgin da ya fara aiki a 1995. Boeing 787 da Airbus A350, waɗanda kusan rabin nauyin jikinsu kwamfozit ne, dukansu da irin wannan firifreg aka gina su. Ƙarfin matsi bayan bugu, wanda a tsofaffin nau'o'i bai kai MPa 200 ba, a nan yakan haura 300.

Ribar ta fi yawa a GIIc. A buɗewa, tsaga takan gudu daga shimfiɗar ta shige cikin fallen kansa inda babu ƙwayoyin, sai ƙarin GIc ya zama matsakaici. Wanda matsalarsa bugu ce ya sami abin da yake nema. Wanda matsalarsa ɓamɓarewar ƙafar ƙarfafa ce, wato gindin sandar da ake mannawa a bayan faranti don ƙara masa tauri, daga jikin fata, wannan kaɗai ba zai ishe shi ba.

Ga masu busasshen yadi akwai siririn mayafi mara saƙa na filastik irin nailan, PPS ko PEI, mai nauyin giram 4 zuwa 20 a murabba'in mita. Kyawunsa shi ne ana iya sa shi a inda ake buƙata kaɗai: gefen rami, wurin rage kauri, ƙasan ƙafar ƙarfafa. Amma kowane mayafi yana ƙara kauri ba tare da ƙara zaren ɗaukar lodi ba, don haka idan aka sa a kowane tsakani, kason zare zai ragu da ɗan abin da za a ji. Nailan yana shan ruwa. Zafin narkewar mayafin kuma dole a gwada shi da zafin gashi, domin wanda aka zaɓa don ya tsaya da siffarsa, in ya narke ya baje, aikinsa ya sauya. Wani abin da ake mantawa: shimfiɗar ba ta wuce da lantarki, tana raba fallayen kabon da juna, kuma wannan yana shafar yadda tsawa ke ratsa jikin jirgi.

Filastik mai narkewa a madadin efoksi

Kabon da filastik ɗin PEEK yana ba da GIc sama da 1000 J/m², a lambar ci gaba har yakan kusanci 2000, ba tare da an huda ko an karkatar da zare ko ɗaya ba. Ba ya shan danshi sosai. Ba ya buƙatar firiza, saɓanin firifreg na efoksi da ake ajiyewa a digiri 18 ƙasa da sifili ana lissafa kwanakin da ya yi a waje. Ana iya walda shi, a kuma buga ƙananan sassa a matsi cikin mintuna. Kamfanin Fokker ya yi goshin fiffiken Airbus A380 da gilashi da PPS, ya kuma yi sassan wutsiyar jirgin Gulfstream G650 da kabon da PPS ta hanyar walda.

Kuɗin shiga ne babba. PEEK yana narkewa a digiri 343, ana sarrafa shi tsakanin 380 da 400. Ledar rufi, abin liƙe baki, mazubi da tanda na efoksi duk ba su kai nan ba. Tef ɗin zaren da aka jiƙa da filastik ɗin a bushe yake, ba ya manne wa mazubi, jera shi da hannu a kan lanƙwasa wahala ce. PPS ya fi araha kuma yana narkewa wajen 280, amma juriyarsa ba ta kai ta PEEK ba, kuma yana fara laushi wajen digiri 90, PEEK kuwa 143. Saurin sanyaya ma sai an kula: in aka sanyaya da sauri, juriyar tsagewa ta ƙaru amma tauri da juriyar sinadarai su ragu; in aka yi a hankali, akasin haka. A sashe mai kauri, waje da ciki ba sa sanyi tare. Faci da gam ko fenti kuma ba sa kama shi sai an gyara fuskar da filasma ko makamancinta.

Ƙusoshin Z

Waɗannan siraran sanduna ne na kabon da aka riga aka gasa, masu kaurin milimita 0.28 ko 0.51, ana kafa su a tsaye su ratsa fallaye. Suna zuwa ne a jere cikin soso. A ɗora soson kan firifreg ɗin da ba a gasa ba, a bi da na'ura mai girgiza ta sauti wadda ke ɗumama ƙaron tana tura ƙusoshin, a kankare abin da ya yi saura a sama, sannan a gasa. Yawan su kashi 0.5 zuwa 4 cikin ɗari na fili. An yi amfani da su a hanyar shigar iska ta injin jirgin yaƙi F/A-18E/F a madadin ƙusoshin titaniyom.

Abin da ya kamata a riƙe game da su: ba sa hana tsaga farawa. Sai ta yi tafiyar 'yan milimitoci ta wuce layukan farko, sannan ƙusoshin su fara zarewa a hankali suna gogayya da ramukansu, suna jan bakin tsagar ya rufe. Daga nan GIc na iya ninkuwa sau goma ko fiye. A zamiya ribar ba ta kai haka ba, domin ƙusar kan tanƙware ko ta yanke.

Farashinsa ana biyansa da ƙarfin kwance. Zaren kabon maikron 5 zuwa 7 ne, ƙusa mafi siranta ta ninka shi sau arba'in. Zaruruwa sai sun kauce mata, su bar aljihun ƙaro mai siffar ido a gaba da baya, wasu kuma su karye. Karkataccen zare shi ne farkon durƙushewa a matsi, don haka asarar kashi 10 zuwa 30 a ƙarfin matsi ba abin mamaki ba ne, kuma ta fi tsanani a farantin da yawancin zarensa ya miƙe gefe guda. A yawa iri ɗaya, sirara sun fi masu kauri: ɓarnarsu kaɗan, fuskar gogayyarsu ta fi yawa. A faranti siriri kuma ƙusar ba ta da tsawon da za ta riƙe. Ni dai ban ga hujjar cika faranti gaba ɗaya da su ba. Wurinsu mahaɗa ne.

Ɗinki

Aikinsa ɗaya da na ƙusa, sai dai na busasshen yadi ne. Kada a ɗinka firifreg: ƙaro zai danƙare allura, zaren da ya kasa kaucewa kuma ya karye. Ana amfani da zaren Kevlar, Vectran, gilashi ko kabon, galibi ɗinki 3 zuwa 10 a murabba'in santimita, a kuma daidaita keken yadda ƙullin zai zauna a fuskar yadin, domin ƙulli a tsakiya matattarar rauni ne. NASA da Boeing sun gwada ɗinkakken fiffike mai tsawon kusan mita 12 a cibiyar NASA ta Langley a shekarar 2000.

Ya fi ƙusa araha, kuma yana riƙe jerin yadi kada ya goce wajen sa shi a mazubi. Asarar kwance takan tsaya kashi 10 zuwa 20. In aka ja zaren da yawa, fallayen waje su lotsa. In aka sake, ba zai riƙe ba sai tsaga ta buɗe sosai. Ƙananan tsagu kan fito a kewayen ɗinkin bayan zafi da sanyi sun yi ta juyawa, su zama hanyar ruwa, abin dubawa ga tankin mai ko duk abin da ke riƙe matsi.

Saƙar 3D

A nan babu fallaye ma balle su rabu: masaƙa ce ke sarƙe hawa-hawan da zaren ɗauri, sannan a ɗura ƙaro a rufaffen mazubi. Fukafukai 18 na fankar injin jirgin sama LEAP na kamfanin CFM International, wanda ya fara aiki a 2016, haka aka yi su don su jure karo da tsuntsu. Juriyar bugu babu kamarta. Amma zaren yana hawa da sauka, tauri da ƙarfin matsi a kwance sun gaza na tef miƙaƙƙe, saka zare a kusurwa 45 yana da wuya a masaƙar da aka saba, kuma shirya masaƙa don siffa guda aiki ne mai tsawo. Ba abin ƙananan oda ba ne.

| Hanya | Hana farawa | Tare tsaga | Asara a kwance | Tsarin ƙira | Tsada | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaro mai danƙo | Matsakaici | Kaɗan | Kaɗan | Kowanne | Ƙasa | Laushi a zafi da danshi |
| Shimfiɗar tsakani | Sosai a zamiya | Matsakaici | Kaɗan | Firifreg. Mayafi ga busasshe | Matsakaici | Tsaga ta kauce wa shimfiɗar |
| Filastik mai narkewa | Sosai | Sosai | Kaɗan | Tanda ko matsi mai zafi ƙwarai | Sama | Saurin sanyaya, wuyar faci |
| Ƙusoshin Z | Babu | Ƙwarai | Kashi 10 zuwa 30 | Firifreg | Sama | Karkatar zare |
| Ɗinki | Kusan babu | Ƙwarai | Kashi 10 zuwa 20 | Busasshen yadi | Matsakaici | Ƙananan tsagu, yoyo |
| Saƙar 3D | Sosai | Ƙwarai | Mai yawa | Rufaffen mazubi | Sama ƙwarai | Kuɗin farawa, ƙarancin kusurwa |

Wa ya kamata ya ɗauki me

Mai faffaɗar fata siririya da ke ɗaukar matsi kuma ke fuskantar bugu, irin saman fiffike ko jikin jirgi, ya ɗauki firifreg mai shimfiɗar ƙwayoyi. Ba ya son a taɓa miƙewar zarensa, kuma GIIc ne ke yanke masa hukunci.

Mai mahaɗa mai siffar T, ko ƙafar ƙarfafa da ke neman ɓallewa daga fata, lodinsa na buɗewa ne kuma a wuri ƙayyadadde. In firifreg yake amfani da shi, ƙusoshin Z sirara a kashi 2 ko ƙasa, a ƙafar kaɗai. In busasshen yadi ne, ɗinki. A duka biyun ya sake lissafin ƙarfin matsi na wurin da aka huda, kuma ya tuna cewa na'urar duba ciki da sauti za ta iya nuna ƙaramar tsaga ko da mahaɗar na nan daram. A rubuta tun farko girman da za a amince da shi.

Mai manyan sassan gilashi da ake ɗura wa ƙaro, kamar fiffiken injin iska ko jikin kwalekwale, ribarsa ba ta ɗaukar kaya masu tsada. Ya fara da gyara gangaren rage kauri da kawar da kumfa, sannan ƙaro mai ƙananan ƙwayoyin roba, da mayafi a wuraren da tsaga ta saba fitowa.

Mai ƙananan sassa dubbai iri ɗaya, ko mai son walda ta maye gurbin ƙusa da gam, filastik mai narkewa zai biya shi: PPS in zafin aiki bai yi yawa ba, PEEK ko danginsa in ya yi. Saƙar 3D kuma a bar ta ga sashe mai kauri da lodi ke zo masa ta kowace fuska ko bugu mai tsanani, wanda za a ƙera da yawan da zai mayar da kuɗin masaƙa da mazubi.